Laburaren jama'a a New York: me ake samu kyauta, kuma ta ina ake farawa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa Bronx ba, ni da yarana biyu 'yan firamare. Maƙwabciyata ta ce a laburaren unguwa ana koyar da Turanci da kwamfuta kyauta. Da gaske ne? Ina tsoron a tambaye ni takardun zama, ko daga baya a aiko mini da takardar biyan kuɗi.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Maƙwabciyarki ta faɗi gaskiya. Laburaren da ke unguwarku reshe ne na New York Public Library, wanda aka kafa a 1895, yana kuma da rassa 88 a Bronx da Manhattan da Staten Island. Kati ɗaya yana aiki a dukkansu. Brooklyn da Queens kowanne da nasa tsarin daban, don haka littafin da kika aro a Bronx kada ki mayar da shi can.

Katin shi ne farkon komai, kuma ba a biyan ko sisi. Duk wanda yake zaune, ko yake aiki, ko yake karatu a jihar New York ya cancanta. Abu biyu za su nema: shaidar ko ke wace ce, da shaidar inda kike zaune, kamar takardar kuɗin wuta ko ta haya mai ɗauke da sunanki. Ba a tambayar matsayin mutum na shige da fice, kuma dokar jihar ta hana a bayyana abin da mutum ya aro haka kawai. Idan takardun gidan duk da sunan maigida ko mai masaukinki suke, wanda shi ne abin da ya fi dawo da mata gida hannu rabbana, ki nemi katin IDNYC. Katin shaida ne da hukumar birnin ke bayarwa kyauta tun 2015 ba tare da duba takardun zama ba, kuma laburare na karɓarsa. Yaran kuma kowanne a yi masa nasa katin. Ke za ki sa musu hannu.

Ana iya cike fom ta intanet, amma mun fi so ki je da ƙafarki. Ma'aikacin zai sa ki zaɓi lambar sirri, ki rubuta ta a ajiye, domin da ita da doguwar lambar da ke jikin katin ake shiga duk abin da za mu ambata. Yawancin masu cewa “manhajar ta ƙi buɗewa” lambar sirrin suka manta, ko katin ne wa'adinsa ya cika ba su sabunta ba.

Batun kuɗi kuwa, tun watan Oktoban 2021 aka soke tarar jinkirin mayar da littafi. Abin da ake biya shi ne littafin da ya ɓace ko ya lalace. Saboda haka littattafan yara a ware musu jaka guda kusa da ƙofa, kada su gauraya da na makaranta.

Ajin Turanci shi ne abin da muka fi so ki ba muhimmanci. A teburin karɓar baƙi ki ce kina neman ESOL, sunan da suke kiran ajin ke nan. Ba a shiga kai tsaye. Sai an fara halartar zaman bayani, a gwada matakin Turancinki da 'yan tambayoyi, sannan a sa ki a ajin da ya dace. Wannan gwaji ba jarrabawar ci ko faɗuwa ba ce, don haka kada ki ɓoye abin da ba ki iya ba. Wanda aka sa a ajin da ya fi ƙarfinsa shi ne yake gajiya ya daina zuwa. Ana buɗe rajista ne zango-zango, guraben kuma suna cika da wuri, musamman na yamma da na ranar Asabar da ma'aikata ke rububi. Idan yaranki na makaranta da safe, ajin safe ya fi sauƙin samu. Kafin zangon ya zo, akwai zaman hira da Turanci da ake yi a rassa da yawa. A can ne harshe ke sakewa, domin kowa ɗan koyo ne, ba mai yi wa wani dariya. Babban reshen yankinku shi ne Bronx Library Center da ke titin East Kingsbridge, kuma ya fi ƙananan rassa yawan azuzuwa.

Azuzuwan kwamfuta suna ƙarƙashin shirin TechConnect. Suna farawa tun daga riƙe linzamin kwamfuta da buɗe imel, har zuwa Word da Excel. Ki fara da na imel, domin makarantar yara da asibiti da masu ɗaukar aiki duk ta nan suke aiko da saƙo. Akwai kwamfutocin da ake zama a kai na wani ƙayyadadden lokaci. Idan lokacin ya cika sai ta goge abin da aka yi, don haka ki riƙa aika wa kanki aikin ta imel kafin ki tashi. Intanet ɗin ginin kuma kyauta ne a wayarki.

Daga gida ma katin na aiki. Manhajar Libby tana ba da aron littattafan karantawa da na sauraro a waya, kuma suna komawa da kansu idan wa'adi ya cika. Wani lokaci za ki ga an sa ki a layi alhali littafin ba na takarda ba ne. Dalili shi ne laburaren lasisi yake saya, kowane lasisi kuma mutum ɗaya yake ɗauka a lokaci guda. Mango Languages na koyar da Turanci ta hanyar wasu harsuna, ciki har da Faransanci da Larabci, abin da zai yi wa 'yan'uwanmu na Nijar da Chadi amfani ƙwarai. Ga yara kuwa akwai Brainfuse, inda malami na gaske ke taimaka wa yaro da aikin gida ta intanet da yamma. Ki zauna kusa da su a karon farko, ki tabbatar malamin bayani yake yi musu suna rubutawa da kansu.

Sai Culture Pass, wanda aka fara a 2018. Mai kati ɗan shekara 13 zuwa sama yana iya karɓar tikitin shiga gidajen tarihi da lambunan birnin kyauta. Ana sakin sababbin tikiti a ranar ɗaya ga wata, na wuraren da aka fi so kuma ba sa daɗewa, saboda haka a ranar za ki duba idan kina son fita da yaran lokacin hutu.