Wace Linux zan koya don samun satifiket?

Ɗan'uwa, ka tambaya daga Gusau wace Linux za ka koya, da satifiket ɗin da zai kai ka aikin kula da sabar, wato kwamfutar da ke yi wa wasu kwamfutoci hidima.

Fara da Ubuntu, nau'in Linux da ya samo asali daga wani nau'in mai suna Debian. Amma in RHCSA kake hari, wato satifiket ɗin kamfanin Red Hat na kula da Linux, sauke Rocky Linux ko AlmaLinux. Kyauta ne, kuma tamkar tagwayen Linux ɗin Red Hat suke. Jarrabawar RHCSA ba canki-canka ba ce: kwamfuta za a ajiye maka, a ce raba faifan ajiyar bayanai, saita SELinux, wato tsarin tsaro na Linux. Satifiket ɗin shekara 3 yake aiki, kuma ni shi na fi so. LPIC-1 kuwa, wani satifiket ɗin Linux na daban, jarrabawa biyu ce, 101 da 102, ba ta ɗaure ka ga nau'in Linux guda.

In daga gida za ka rubuta, tanadi sola da intanet mai ƙarfi tukuna.