Shin 'Yan Boney M Su Ne Suke Rera Waƙoƙinsu?

Tambaya: Malam, barka da aiki. A cikin kayan marigayi babanmu na tsinci faifan garmaho na Boney M, wanda yake yawan sa mana muna yara. Sai wani abokina ya ce wai duk yaudara ce, mutane huɗun nan da ke jikin kwalin ba su taɓa rera komai ba, baki kawai suke motsawa ko a gaban jama'a. Don Allah mene ne gaskiyar maganar? Kuma yaya suke yi idan sun hau dandamali?

Amsa: Allah Ya jiƙan baba. Abokinka ya tsinci wani yanki na gaskiya, sai dai ya yi mata ƙari. Ya haɗa wurare uku ya yi musu kuɗin goro: sitidiyo, talabijin, da dandamalin wasa. Abin da ake yi a kowanne daban ne.

Boney M dai suna ya riga mutane zuwa. Wani mawaƙi kuma furodusa Bajamushe, Frank Farian, shi ya shiga sitidiyo ya naɗi wata waƙa mai suna "Baby Do You Wanna Bump", ya yi muryar namiji mai kauri, ya dawo ya siranta murya ya yi amshin mata, duk shi kaɗai. Aka sake ta a 1975 da sunan Boney M, sunan da ya aro daga wani shirin talabijin na ƙasar Ostareliya. Waƙa ta karɓu a Holan da Beljiyam, gidajen talabijin suka fara neman a turo musu ƙungiyar, alhali babu wata ƙungiya. Dole ta sa ya nemo mutanen da za su tsaya gaban kyamara. An yi ta sauya fuskoki har zuwa 1976, sannan aka tsaya a kan huɗun da ke jikin kwalin babanka: Liz Mitchell da Marcia Barrett 'yan asalin Jamaika, Maizie Williams daga tsibirin Montserrat, sai Bobby Farrell daga Aruba.

A sitidiyo, biyu daga cikinsu ne suke waƙa. Muryar nan mai taushi da ke jan "Rivers of Babylon" ta Liz ce, kuma ita ba baƙuwar makirfo ba ce, don ta yi aiki da ƙungiyar Les Humphries Singers kafin ta zo. Marcia ce ta ja "Belfast". Su biyun, tare da Farian, su ake naɗar muryoyinsu a jera wata kan wata har ka ji kamar taron mata ne ke amshi. Maizie ba a sa muryarta a waɗancan faya-fayan ba. Muryar namijin nan kuwa mai kama da daga rijiya take fitowa, wadda kowa ya ɗauka ta Bobby ce, ta Farian ce, da taimakon na'ura. A nan abokinka ya yi gaskiya rabi.

Mu da muka tashi da fina-finan Indiya da na Hausa bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba. Wa ya taɓa cewa an cuce shi don jaruma ta hau waƙar da Lata Mangeshkar ta rera? Bambancin shi ne a fim kowa ya san tsarin, har a rubuta sunan mawaƙin. A kiɗan disko kuwa ana sayar maka da fuska ne a matsayin mai murya. Kuma ba Farian kaɗai ke yi ba. Disko tun asalinsa kiɗan furodusa ne da mai sa faifai a gidan rawa, ba a damu sosai da wanda ya rera ba in dai ƙafa ta motsa. A birnin Munich ma, ƙungiyar Silver Convention haka ta faro: mawaƙan sitidiyo suka naɗi waƙa, daga baya aka nemo matan da za a nuna.

Talabijin kuma al'adarta ce a wancan zamani a sa faifai mawaƙi ya bi da baki, har manyan da ba a shakkar muryarsu haka suke yi a shirye-shirye da yawa. To a nan ne Boney M suka fashe. Waƙarsu "Daddy Cool" ta fito a 1976 tana ta jan ƙafa, suna ta zagaya gidajen rawa a Jamus ta Yamma, har aka gayyace su shirin Musikladen na birnin Bremen a watan Satumba na shekarar. Ka nemi bidiyon Bobby na waɗannan shekaru ka kalla da kyau. Mata uku a tsaye cikin kwalliya suna rangaji a natse, shi kuwa ga uban gashi, ƙirji a waje, ya jefa ƙafa nan, ya yi juyi kamar katantanwa, ya zube ƙasa ya miƙe, gumi na tsiyaya. Bayan wannan shiri waƙar ta hau matsayi na ɗaya a Jamus. A ganina duk wanda ya ce Bobby ɗan rakiya ne bai yi masa adalci ba. Muryar ba tasa ba ce, amma da Farian ne ya fito da kansa ya tsaya a wurin, ina shakka ko faifan zai kai gidan babanka.

Sai dandamali, inda maganar abokinka ta rushe. Tun daga rangadinsu na 1977 suna tafiya da cikakkun makaɗa, masu ganga da jita da 'yan amshi, waɗanda aka yi wa laƙabi da The Black Beautiful Circus. A irin waɗannan wasanni makirfo a kunne yake, kuma duk su huɗun suna waƙa, har da Maizie da Bobby. Sai dai sautin ba ya zama irin na faifai. Muryar Bobby ta fi ta Farian kaushi, ba ta kai ta zurfi ba, ga shi mutumin da ke tsalle ba ya rasa haki. Liz ce ke riƙe wasan da murya, Bobby na riƙe shi da jiki. Idan kana son tantance bidiyon da kake kallo, saurari ƙarshen waƙa. In sautin ya yi ta raguwa a hankali har ya ɓace kamar yadda yake a faifai, baki ake bi. In kuwa mai ganga ya rufe da duka, ka ji numfashi a makirfo, ana yi wa 'yan kallo magana a tsakiyar waƙa, to kai tsaye ne.

Shekarar 1978 ce ganiyarsu. "Rivers of Babylon", wadda asalinta ta ƙungiyar The Melodians ce ta Jamaika a 1970, kuma baitocinta daga Zabura aka ɗauko su, ta yi mako biyar a matsayi na ɗaya a Birtaniya, aka sayar da kwafi wajen miliyan biyu a can kaɗai. A watan Disamba suka je Mosko, lokacin da ba kasafai Tarayyar Sobiyet ke buɗe wa mawaƙan Yamma ƙofa ba. Suka yi wasanni, aka ɗauke su hoto a Jan Dandali cikin dusar ƙanƙara, amma aka hana su rera "Rasputin", waƙarsu a kan Rasputin, wani mai da'awar addini da ya yi faɗa a ji a wurin sarkin Rasha na ƙarshe, saboda ta taɓo tarihin fadar. Af, in kunnenka ya taɓa raya maka cewa "Ma Baker" tana da ƙamshin kiɗan Larabawa, bai yi ƙarya ba, karin waƙar gargajiyar Tunisiya ne, "Sidi Mansour", aka gyara.

Daga nan sai gangara. Bobby ya saɓa da Farian ya bar ƙungiyar a 1981, aka kawo Reggie Tsiboe ɗan Ghana a madadinsa, wanda shi yana rera waƙa a faifai da muryarsa. Bobby ya dawo daga baya, amma kasuwar disko ta riga ta watse, zuwa 1986 ƙungiyar ta rabu. Bayan haka kusan kowannensu ya ja tasa tawagar yana yawo da sunan Boney M, har da zuwa kotu a kan sunan.

Ina zargin abokinka ya cakuɗa labarinsu da na Milli Vanilli, don furodusan ɗaya ne. Waɗancan samari biyu, Rob Pilatus da Fab Morvan, ba su rera ko baiti ɗaya a faifansu ba, a dandamali ma faifai ake sa musu, kuma da asiri ya tonu a 1990 aka ƙwace lambar Grammy da aka ba su. Boney M ba su kai nan ba.

Bobby bai daina hawa dandamali ba har ƙarshen ransa. An tarar da gawarsa a ɗakin otal a birnin Saint Petersburg ranar 30 ga Disamba 2010, bayan ya yi wasa a daren, yana da shekara 61. A birnin ne aka kashe Rasputin, ranar 30 ga Disamba 1916. Farian kuma ya rasu a Miami a watan Janairun 2024.