Ƙungiyar Matan Laos: ta mata ce ko ta gwamnati?

'Yar'uwa, kin tambaya ko Ƙungiyar Matan Laos, ƙasar nan ta kudu maso gabashin Asiya, tana kare mata da gaske, ko kuwa reshen gwamnati ce kawai. Duka biyun ne.

An kafa ta a 1955, lokacin gwagwarmayar 'yan gurguzu, kuma tun da jam'iyyarsu ta karɓi mulki a 1975 take ƙarƙashin inuwarta. Tsarin mulkin ƙasar na 1991 ya ambace ta cikin ƙungiyoyin jama'a da hukuma ta yarda da su. Ƙarfinta shi ne ta kai har ƙauye. Idan rigima ta tashi tsakanin miji da mata, wakiliyarta kan zauna cikin kwamitin sasanci na ƙauyen. Tana kuma shirya asusun adashi da bashi, inda mai saƙa za ta ranci kuɗin zare ta biya bayan ta sayar da zanenta. A Vientiane, babban birnin ƙasar, tana da gidan da ke karɓar matan da aka ci zarafinsu ko aka yi safararsu, kuma da hannunta a dokar kare mata ta 2004.

Abin da ke damuna shi ne sasancin nan. Sau da yawa burinsa a rufa asirin gida, sai a ce wa matar da aka doka ta yi haƙuri ta koma. Kuma ƙungiyar da jam'iyya ke riƙe da linzaminta ba za ta fito ta ƙalubalanci hukuma ba, ga shi ƙasar ba ta sakar wa ƙungiyoyi masu zaman kansu mara ba. Matan ƙabilun kan tsaunuka, irin su Hmong da Khmu, waɗanda da yawansu ba sa jin harshen Lao sosai, su ne taimakon ya fi wuyar isa gare su.