Iyayena Na Son In Zama Nas, Ni Kuma Aikin Lafiyar Ƙwaƙwalwa Nake So

Tambaya: Assalamu alaikum, Anti. An haife ni a unguwar Bronx da ke birnin New York, iyayena kuma sun zo Amurka ne daga zangon Kumasi. Na kammala digiri na farko a fannin nazarin halayyar ɗan Adam, burina kuma shi ne in zama mai ba da shawara ga masu fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa. Babana ya ce bai yi shekara da shekaru yana tuƙa tasi domin in ƙare a sauraron sirrin mutane ba, ya fi son in koma in karanta aikin nas. Mamana kuwa tsoronta kada a ce 'yarta tana aiki da mahaukata, har abin ya taɓa maganar aurena. Wata jami'a mai zaman kanta ta ba ni gurbin karatu ta intanet, amma kuɗinta ya ninka na jami'ar gwamnati. In karɓa ne ko in jira? Yaya kuma zan yi da iyayena?

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yata. Kada ki biya ko sisi tukuna, domin abin da za ki saya da kuɗin nan hanya ce ta samun lasisi, kuma ba kowane digiri ne ke kai mutum can ba. A Amurka kowace jiha ita ke ba da nata lasisin. A New York sunansa LMHC, kuma kafin a ba ki shi sai kin yi digiri na biyu mai nauyin kiredit 60 a shirin da hukumar ilimi ta jihar ta amince da shi, sannan ki yi aiki na awa 3,000 ƙarƙashin kulawar ƙwararre, aƙalla rabinsu kina zaune da masu neman taimako ido da ido, sannan ki ci jarrabawar NCMHCE. Idan kika haɗa karatun da aikin horon, shekara huɗu zuwa biyar ke gabanki, kuma a shekarun horon albashin ba ya da auki. Don haka ki rubuta wa jami'ar da ta ba ki gurbi, ki nemi ta tabbatar miki a rubuce cewa shirinta yana kai ga lasisin New York, ki kuma tambaye ta wa zai nemo miki wurin koyon aiki. Shirye-shiryen da CACREP, hukumar da ke duba ingancin irin wannan karatu a Amurka, ta tantance suna buƙatar aƙalla awa 700 na koyon aiki tun ana cikin karatu, kuma wasu makarantun intanet kan bar ɗalibi ya yi ta yawon neman asibitin da zai karɓe shi shi kaɗai. Tantancewar CACREP ɗin tana da wani amfani kuma, domin wasu jihohi da wasu ma'aikatun gwamnatin tarayya suna sharɗanta ta, kuma aure ko aiki na iya ɗauke ki daga New York wata rana.

Idan ra'ayina kike nema, ki jira jami'ar gwamnati. Kwalejojin Hunter da Brooklyn da City, duka a ƙarƙashin CUNY, jami'ar gwamnati ta birnin New York, suna da wannan karatun, kuma mai ɗaukar aiki lasisinki zai duba, ba zai ƙara miki albashi don kin biya ninki biyu ba. Zaman jira na shekara guda ba asara ba ne idan kika yi shi kina aiki a wata cibiyar kula da masu shaye-shaye ko gidan marasa galihu, inda za ki gane ko zuciyarki za ta iya ɗaukar labarin baƙin ciki safe da yamma. Ki kuma leƙa digiri na biyu a fannin aikin jin daɗin jama'a, wanda ake yi a Kwalejin Lehman nan kusa da ku a Bronx. Masu wannan digirin su ma suna zama da marasa lafiya bayan sun sami lasisin LCSW, kuma ƙofofin asibitoci da makarantu sun daɗe a buɗe gare su. Tazarar da ke tsakanin hanyoyin biyu ta ɗan ragu daga farkon shekarar 2024, lokacin da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin tarayya ga tsofaffi da naƙasassu, ta fara biyan masu ba da shawara irin wadda kike son zama. Idan kuma dole ta sa kika ci bashin karatu na gwamnatin tarayya, akwai tsarin PSLF da ke yafe ragowar bashin bayan biya 120 ga wanda ke aiki da gwamnati ko ƙungiyar da ba ta neman riba, sai dai dokokinsa kan sauya, kada ki ɗora duk lissafinki a kansa.

Maganar babanki kuwa, ina so ki saurare ta da kunnen basira, domin a kan kuɗi yana da gaskiya. A ƙididdigar gwamnatin Amurka ta shekarar 2023, matsakaicin abin da nas ke samu a shekara ya kai dala 86,000, na masu ba da shawara kuwa kusan dala 54,000 ne. Mutumin da ya bar ƙasarsa, yake ciyar da gida a nan yana kuma aika na cefane da kuɗin makaranta can, ba zai raina wannan bambancin ba, kuma idan kika tunkare shi da maganar abin da ranki ke so kawai, zai ji kamar kin raina wahalarsa. Ki zaunar da shi da takarda a hannu, ki nuna masa kuɗin karatun, da shekarun da zai ɗauka, da albashin farko, da yadda za ki biya. Iyaye da dama sukan sauko idan suka ga sana'ar tana da jarrabawa da lasisi da hukumar da ke sa ido, domin a zatonsu hira ce kawai ake biya a yi. Akwai ma hanyar da ta haɗa burinku biyu, wato ki zama nas sannan ki ƙware a fannin ƙwaƙwalwa, amma ki sani yawancin aikin masu wannan matsayi rubuta magani ne da bibiyarsa, doguwar tattaunawar da kike sha'awa ba ta da yawa a ciki.

Tsoron mamanki ya fi wuyar kawarwa, domin ba lissafi ne ya kawo shi ba. A wurinta wanda ke yawo tsirara a kasuwa shi ne mai ciwon ƙwaƙwalwa, alhali yawancin waɗanda za ki riƙa gani irin maƙwabtanta ne: mai jegon da ta kasa barci tana kuka ba dalili, magidancin da rashin takardun zama ya hana shi sukuni, yaron da ke raba kansa biyu tsakanin gida da makaranta. Ki fara da waɗannan misalan. Kada kuma ki yi kuskuren da wasu 'yan boko ke yi na kushe ruƙiyya da addu'a, domin wanda ya zo yana cewa iskoki ne ko sammu, idan kika yi masa dariya ba zai dawo ba. Farfesa Thomas Adeoye Lambo, likitan ƙwaƙwalwa ɗan Najeriya, ya gane haka tun a shekarar 1954, lokacin da ya kafa tsarin jinya a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, inda majinyaci ke zama tare da danginsa, ana kuma haɗa kai da masu maganin gargajiya. A nan Amurka ma akwai cibiyoyi irin su Khalil Center da ke haɗa wannan ilimi da koyarwar Musulunci. Idan akwai limami ko wata hajiya da mamanki ke jin maganarsu, ki fara shawo kansu su je da ke.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma zai same ki. Hausarki da sanin al'adarki su ne babban jarinki, domin tsohuwar da ba za ta taɓa faɗa wa baƙo ta bakin tafinta cewa mijinta yana dukanta ba, tana iya faɗa miki. Amma jama'arku a Bronx sun san juna, a masallaci ɗaya kuke, a suna da biki ɗaya ake haɗuwa. Ƙa'idar sana'ar ta hana ki duba danginki, tana kuma gargaɗi a kan duba wanda kuke da wata alaƙa da shi, dokar sirrin majinyaci kuma ta hana ki gaya wa ko da mahaifiyarki wanda ya zo ofishinki. Tun yanzu ki koyi yadda za ki ce wa gwaggonki, cikin ladabi, ba za ki iya duba ɗanta ba amma za ki haɗa ta da wanda zai iya. 'Ya'yan baƙi irinki, waɗanda tun suna ƙanana suke yi wa iyaye tafinta a asibiti da cike musu takardu, sukan shigo aikin nan da ɗabi'ar ɗaukar nauyin kowa, kuma ita ce kan gajiyar da su da wuri. Ki nemi naki mai ba da shawara tun kina ɗaliba.

Tambaya: Anti, ni magidanci ne a Columbus ta jihar Ohio, kuma 'yan uwa kan kawo mini matsalolin aurensu. Na ga tallar wani kwas na wata biyu ta intanet da ke ba da takardar shaidar zama mai ba da shawara. In saya?

Amsa: Malam, idan niyyarka ka ƙara iya sauraro da sasanta mutane, kana iya saye idan kuɗin bai yi yawa ba, amma takardar ba lasisi ba ce, ba ta ba ka damar kiran kanka ƙwararre ko karɓar kuɗin inshora, kuma yin hakan na iya jefa ka cikin matsala da hukumar jiha. Kwas ɗin Mental Health First Aid, wato agajin farko na lafiyar ƙwaƙwalwa, wanda ake gamawa cikin kusan kwana ɗaya kuma wurare da dama ke koyar da shi kyauta, zai fi yi maka amfani, domin zai koya maka gane lokacin da magana ta fi ƙarfin sulhu. Duk ranar da wani ya ambaci kashe kansa a gabanka, kada ka bar shi shi kaɗai, ka kira 988, lambar agajin gaggawa ta masu tunanin kashe kansu, nan take kuna tare.