Kwamfuta ta hana ni karanta dmesg: in sayi wata?

Na sa Ubuntu, wani nau'in tsarin sarrafa kwamfuta na Linux, da na rubuta umarnin dmesg sai ta ce "Operation not permitted". Hankalina ya tashi. Ko kwamfutar ce ta lalace, in fara tara kuɗin sabuwa?

Kwantar da hankalinki 'yar'uwa, ki riƙe kuɗinki. Lafiyar kwamfutarki ƙalau. Tun daga Ubuntu 20.10 aka daina barin kowa ya leƙa saƙonnin kanel, wato zuciyar tsarin, waɗanda su ne dmesg ke nunawa. Debian kuwa, wani nau'in Linux ɗin, ta riga ta yin haka. Rubuta sudo dmesg (sudo shi ke ba ki izinin mai kula da na'urar), ki sa kalmar sirrinki, magana ta ƙare.

Na gaji da rubuta sudo. An ce in mayar da kernel.dmesg_restrict, saitin da ke hana karanta dmesg, zuwa 0 a saba, wato babbar kwamfutar wurin aikinmu. In yi?

Kada ka yi, malam. Haruffa huɗu ba su kai a ɓalle ƙofa saboda su ba, kuma wannan ɗabi'ar ta kwafo umarni a liƙa ba tare da sanin aikinsa ba tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba don ado aka ƙara wannan makullin a Linux 2.6.37 a 2011 ba. Idan wani direba, wato manhajar da ke sarrafa wani ɓangaren na'ura, ya faɗi, kanel kan zubo bayanai masu yawa, har da abin da ke nuna inda abubuwa suke zaune a ƙwaƙwalwar na'ura. Mai kutsen da ya samu ɗan ƙaramin asusu irin wannan yake nema don ya hau sama ya samu cikakken iko. Da ka sa 0, kowane asusu ka buɗe wa, har da wanda manhajar shafinku ke aiki da shi, kuma ita ce aka fi kai wa hari.

Wanda ka amince da shi, sa shi a adm, rukunin masu izinin karanta bayanan tsarin, ya riƙa karantawa da umarnin journalctl -k. In manhajar sa ido ce ke buƙata, ba ta izinin CAP_SYSLOG, wato izinin karanta saƙonnin kanel, ita kaɗai. A kwamfutarka ta kai kaɗai haɗarin da sauƙi, amma saba amanar mutane ce a hannunka.

Na sayi filashi da arha, dmesg ya nuna 1TB. Na gaske ne ke nan?

A'a. Abin da filashin ya faɗa wa kanel shi dmesg ke maimaitawa, na jabu kuwa ƙarya aka ɗora masa tun daga masana'anta. Gwada shi da f3probe, manhajar da ke gano ainihin girman filashi, kafin ka zuba masa ko hoto ɗaya, in ya faɗi gwajin ka mayar wa mai shi.