Tsohon tikitin jirgin ƙasa na kwali

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci ɗan tikitin kwali cikin akwatin babanka, an rubuta Iddo (tashar jirgin ƙasa a Legas) zuwa Kano, kana tambaya ko na gaske ne kuma ya za ka gane shekararsa. Na gaske ne, irinsa Reluwe ta daɗe tana sayarwa a da, ɗan kwali mai kauri da bai kai tsawon yatsa ba, salon wani Bature ne ɗan Ingila Thomas Edmondson. Duba bakinsa ta gefen da ya fi gajarta, nan ake danna kwanan wata da injin akawu, lambar da ke jiki kuma ta lissafi ce kawai.

Amma fa sai in danshin Legas bai cinye tawadar ba, na mahaifina haka ya dushe, sai da na karkata shi a hasken taga sannan shatin lambobin ya fito. In akwai ɗan huji ko yanka a jiki to mai duba tikiti ne ya huda a hanya, wato an yi tafiya da shi kenan. Don Allah kar ka goge shi da ruwa, sa shi a ambulan busasshe nesa da bango.