Na rubuta lambobin wurin mahaƙa, taswira ta kai ni hamada

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai sha'awar duwatsu da ma'adinai. Wani dutse ya shigo hannuna da tsohuwar takarda manne da shi, an rubuta inda aka samo shi: 19°14′ kudu, 17°43′ gabas. Na shiga rumbun bayanan ma'adinai a intanet, na rubuta 19.14 da 17.43, sai taswira ta ajiye ni a tsakiyar hamada, ba mahaƙa ko ɗaya. A ina na kauce?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardarka lafiyarta ƙalau, wajen shigar da lambobin ne aka samu tangarɗa, kuma sau biyu.

Na farko, ka manta da alamar debewa. Kwamfuta ba ta san kudu ba sai ka gaya mata. A tsarin da yawancin rumbunan nan ke bi, duk abin da ke kudu da ikwaita yana ɗaukar alamar debewa a latitud, wato lambar arewa ko kudu, haka ma abin da ke yamma da layin Girinwich a longitud, wato lambar gabas ko yamma. Da ka bar ta, sai ka faɗa arewacin Chadi, cikin Sahara, alhali wurin da kake nema yana Namibiya.

Na biyu shi ne wanda ya fi cin mutane. 19°14′ ba 19.14 ba ne. Digiri ɗaya minti 60 ne, ba 100 ba, don haka sai ka raba minti 14 ɗin da 60, ka haɗa da digiri 19, ka samu 19.233. Haka 17°43′ zai koma 17.717. Kada ka raina wannan bambanci. Digiri ɗaya na latitud kusan kilomita 111 ne, minti ɗaya kuwa kilomita 1.85, sakan ɗaya kusan mita 31. Ke nan ko da ka sa alamar debewa, 19.14 da 17.43 za su karkatar da kai wajen kilomita 10 ta arewa da kilomita 30 ta yamma. Rubuta -19.233 da 17.717, za ka tarar da kanka a Tsumeb, mahaƙar tagulla da dalma da ta yi suna a duniya, wadda aka samu ma'adinai iri sama da 200 a cikinta kafin a rufe ta a 1996. In dutsen naka daga can ya fito, riƙe takardar nan da kyau, domin ita ce rabin darajarsa.

Ka kuma kula da jeri. Mutane sun saba fara faɗin latitud, amma wasu manhajojin taswira longitud suke so a gaba. Da ka juya naka, cikin tekun Atlantika za ka faɗa, yamma da Muritaniya.

Yanzu ga abin da na fi so ka tafi da shi: kada ka nemi ɗigo, nemi da'ira. Lambar da ke cikin rumbu wani mutum ne ya shigar da ita, kuma ba kowa ne ya taka ƙafa ya je wurin da na'urar GPS ba. Wani daga tsohuwar taswira ya kwafo, wani bakin rami ya auna, wani kuma da ya rasa takamaiman wuri sai ya ɗora lambar garin da ya fi kusa. Akwai wuraren da ba a ba su lamba ko kaɗan ba, suna kawai. Saboda haka rashin fitowar wuri a bincikenka ba ya nufin babu shi. Ni nakan fara da faɗin kilomita 10, in rage sannu a hankali, sannan in sake nema da sunan lardi ko gari don in kamo waɗanda ba su da lamba. Takardarka ma a minti ta tsaya, don haka ita kanta tana da sako-sako na kusan kilomita ɗaya ta kowane ɓangare.

Yawan lambobi bayan ɗigo kada ya ruɗe ka. Lamba biyu na nufin kusan kilomita ɗaya, uku mita 111, huɗu mita 11. In ka ga shida a kan mahaƙar da aka bari tun ƙarni na 19, lissafin kwamfuta ne ya haifo su, ba awo ba.

Akwai kuma batun datum, wato siffar duniya da aka gina awon a kanta. GPS da taswirorin intanet suna kan WGS84, tsofaffin taswirori kuwa kowace ƙasa da nata, kamar NAD27 a Amurka da OSGB36 a Birtaniya. Bambancin kan kai mita 100 ko fiye. Wajen binciken rumbu ba zai dame ka ba, amma ranar da kake tsaye a daji kana neman bakin rami zai dame ka.

Game da inda za ka nema, rumbun Mindat, wanda Jolyon Ralph ya ɗora a intanet a 2000, shi ne ya fi yalwa ga masu tara ma'adinai, kuma shafin wuri yakan nuna wuraren da ke maƙwabtaka da shi. Hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, tana da nata rumbun mai suna MRDS, sai dai tun 2011 aka daina sabunta shi yadda aka saba. Amfaninsa shi ne kana iya sauke bayanan, ka buɗe su a manhajar QGIS ta kyauta, ka zana da'irarka da kanka. In za ka yi haka, fara mayar da taswirar zuwa tsarin UTM don awonka ya zama na mita, domin digirin longitud yana tsukewa yayin da kake nisa da ikwaita: a latitud 60 rabinsa ne ya rage, kusan kilomita 56.